Bundogul

Mahasin ta dawo daga Sinnar da ƙamus mai yagaggen bango,
ta same ni a rumfa ina jiran jabana ta huce.
Ta ce, "Kaka, yau na tsinci wata kalma.
Saurara: bundogul."

Na ce, sunan tsuntsu ne,
ko wata ganga ce ta bakin dutse?
Ta yi dariya har mayafi ya zame.

"Turanci ne. Aikin da ake yi da ɗaure fuska,
a auna ƙasa, a sa hannu a takarda,
kuɗi na tafiya, kwanaki na bin su,
in an gama ko akuya ba ta amfana."

Na ce, ashe su ma suna da ita!
Mu ai mun daɗe da namu:
asara, ɓarna, almubazzaranci,
aikin baban giwa, ɗiban ruwa da rariya.
Ta girgiza kai.
"Asara kan zo da fari, ta zo da fara.
Ɓarna, yaro ma na yi wa tulu.
Almubazzari nasa yake ci.
Wannan kuɗin jama'a take so,
kuma ba ta fita sai da allo da sabon fenti."

Sai na tuna ɗakin injin bakin kogi.
Shekarar da aka yaye uwarta ne
Injiniya Mu'utasim ya zo da mota biyu.
Aka yanka sa, aka yanke ƙyalle,
muka yi tafi har hannu ya yi ja.
Bututun ya gaza ruwa da taku goma sha ɗaya,
ni na auna, da ƙafata.
Aka ce ragowar na tafe daga Madani,
aka ɗauke ni gadi.
Shekara tara ina tsaron injin da bai taɓa ko tari ba,
ina korar jemagu,
ƙarshen wata in dangwala yatsa in karɓa.

Na ce, to kakanki ma ya lasa.
Ta ce, "Ƙamus bai ambaci mai gadi ba."

Amma wani abu ya tsaya mini a wuya.
Ubana Tanimu ya bar Haɗeja
da jaki ɗaya da niyyar Makka.
Ya yada zango nan Mai Wurno
don ya noma damina guda, ya yi guzuri.
Damina guda ta haifi talatin da bakwai.
Yana tara fam a gwangwanin shayi,
aka canja kuɗi yana kwance ba lafiya,
takardun suka koma ganye.
Ya rasu bai ga ko tekun Sawakin ba.
Farin yadin da ya saya don harami,
da shi muka yi masa likkafani.

Na ce, 'yar nan, kada ki ji nauyina.
Kalmar taki ta hau kansa?

Ta buɗe, ta bi layin da yatsa,
ta rufe, ta daɗe tana kallon ƙasa.
"An kafa masa allo?"
A'a.
"Ya ci na wani?"
Ko ƙwandala.
"An yi masa tafi?"
Wa zai yi? Jakin ma a hanya ya mutu.
"To, ba ta hau ba.
Kuma riɗin gonar da ya tsaya nomawa
shi ya sayi ƙamus ɗin nan."

Jabana ta huce sarai. Na sha a haka.

Da la'asar na bi ta bakin kogi.
Allon na nan, rana ta cinye rabin rubutun,
kuka ta tsiro inda bututu ya tsaya.
Na tsaya a ƙofar da na tsare shekara tara,
na gyara murya in gaya wa ɗakin sunansa.
Na ce bun, na ce do,
sai harshena ya harɗe.
Jemagu suka fito ta saman kaina
suka nufi ruwan da injin bai taɓa sha ba.